Kofur Mahdi da Labarin Waɗanda Ba Su Dawo Ba

Mahdi ɗan Auta bai taso da sha'awar kaki ba. A Unguwar Gawo aka haife shi, wani ɗan ƙauye gabas da Babban Mutum, a gidan da ba a san wata sana'a ba sai noman gero da gyaɗa da kiwon 'yan tumaki. Dogo ne mai faɗin ƙirji, ba shi da yawan magana, irin saurayin da in za a yi gayya shi ake fara kai wa goro. Bayan ƙarfi, abin da aka san shi da shi shi ne riƙo. In magana ta shiga kunnensa sau ɗaya, to ta zauna ke nan.

Amininsa Zailani kuwa gajere ne, bakinsa ba ya hutawa, ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Shi kaɗai Allah ya ba Inna Rahama, wadda mijinta ya rasu tun yaron yana goye. Da kakar shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, wanda mutanenmu suka fi sani da yaƙin Biyafara, su biyun suka kai gyaɗa kasuwar Baure. Suka tarar da mai shela yana zagayawa, yana cewa gwamnati na neman samari masu lafiya, ba dole, sai wanda ya ga zai iya. Kafin su iso gida Zailani ya riga ya gama zama soja a bakinsa.

Inna Rahama ta taka har gona ta sami Mahdi, ta roƙe shi ya hana abokinsa, tunda maganarsa kaɗai yake ji. Mahdi ya yi iyakar yinsa. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, har suka yi kwanaki ba sa gaisawa. Da ya ga dai Zailani ya ɗaure 'yan kayansa, sai ya je ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce shi ma zai tafi. Malam Auta ya daɗe yana kankare ƙasa daga bakin hauyarsa. Can ya tambaye shi ko ya san abin da ake faɗa a kai. Mahdi ya ce an ce wasu ne ke son raba ƙasa biyu, amma shi abin da ya sani, Zailani ba ya duban gabansa in yana tafiya, shi kuma ba zai iya zama yana haɗa ido da Inna Rahama kullum ba. Uban ya ce to, ya je, amma kada ya bar salla, kada kuma ya sa hannu a kayan mutane ko ya ɗaga ido ga matar wani. Ya tofa masa addu'a a ka.

Babbar mota ta kwashe su daga Daura zuwa Kano, jirgin ƙasa ya kai su Zariya. Aka yi musu aski ƙwal, aka ba su takalman da ba su taɓa sa irinsu ba, aka yi ta kora su a fili daga asuba har rana ta yi tsaka. Horon bai daɗe ba, don fagen daga na jiran mutane. Bataliyar da aka zuba su kusan duk irinsu ne, waɗanda suka kawo kansu: manoma, mahauta, leburorin reluwe, 'yan kamasho, da wani tela da ya rufe shagonsa ya taho. Akwai Zuru, akwai Tibi, akwai Barebari da mutanen Jos. Mahdi bai yi fice a harbi ba. Da aka ga ƙirarsa, sai aka ɗora masa akwatunan harsashin babbar bindigar nan mai ƙafafu da suke kira mashinga, ya riƙa bin mai harba ta duk inda ya nufa.

A cikinsu akwai wani dattijo, Saje Maliki, mutumin Sandamu, wanda ya yi yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama yana saurayi, ya dawo ya kama noma, yanzu kuma ya sake ɗaukar kaki da furfurarsa. Suna zaune a Makurɗi suna jiran a tura su gaba, wata rana bayan la'asar ya tara duk 'yan ƙasar Daura da maƙwabtanta a gindin wani mangwaro. Ba su kai talatin ba. Ya ce kowa ya tashi ya faɗi sunansa da na ubansa da garinsu, da yadda baƙo zai gane gidansu. Samarin suka yi ta gunaguni, wai wannan ai mugun fata ne, tun ba a shiga ba ana shirin gawa. Saje Maliki ya bari suka gama.

Ya ce, "A Bama mun bar mutane a daji. Na san wata tsohuwa a garinmu da ta mutu tana ajiye wa ɗanta tuwo. Ba wanda ya zo ya gaya mata. Ni ban san gidan kowa ba a lokacin, shi ya sa nake so ku ku sani."

Suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce gidansu na bayan marina, wani ya ce a tambayi gidan mai kuka biyu. Wani kyakkyawan saurayi, Suhaibu, ɗan wani dillalin shanu daga wajen Mashi, ya faɗi nasa yana murmushi, ya ƙara da cewa ya bar amarya da ƙaramin ciki. Yawancinsu kafin gari ya waye sun manta. Mahdi bai yi niyyar haddacewa ba, amma duk ya zauna masa. Da Sajen ya lura, sai ya riƙa sa shi ya maimaita masa sunayen in suna doguwar tafiya.

Ranar da aka fara buɗe musu wuta, a bakin wata gada ne. Mahdi bai taɓa ɓoye abin da ya same shi ba: ƙafafunsa suka ƙi motsi, ya kwanta rub da ciki a kan akwatin harsashi, yana jin mai mashinga na ƙwala masa kira amma ya kasa ɗaga kai. Saje Maliki ne ya rarrafo ya kama wuyan rigarsa, bai zage shi ba, ya ce masa kowa haka ya fara, ya dubi dugadugansa kawai ya biyo shi. Haka ya ja akwatin har ya isar. Daga ranar tsoro bai bar shi ba, amma bai sake hana shi tafiya ba.

Ƙasar ba irin tasu ba ce. Daji ne rufe, itatuwan kwakwar manja ko'ina, jar ƙasa mai kama takalmi, ga ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Mutumin da ya saba hango ƙauyen gaba daga gonarsa, yanzu ba ya ganin abin da ke taku goma a gabansa. A damina ta biyu aka ba kamfaninsu tsaron wata mararraba, aka ce su riƙe ta ko ta halin ƙaƙa, don ta nan motocin abinci da na marasa lafiya ke bi. Sai abokan gaba suka zagayo suka yanke hanyar bayansu. Suka yi makonni a cikin ramuka, ruwa har gwiwa, ba mai shiga ba mai fita. Kusan kullum da sassafe sai an kawo musu hari, su kora, a sake dawowa. Mahdi yakan ce waɗancan samarin ma ba ragwaye ba ne, wasunsu ko takalmi babu, amma haka suke tahowa. Mararrabar dai ba ta faɗi ba.

Abinci ya ƙare. Wasu suka tono rogo a wata gona da aka gudu aka bari, suka ci ɗanye kamar yadda suka saba a gida. Ashe rogon can mai ɗaci ne, yana kisa. Mutum biyu suka kwanta suna amai, ɗaya bai tashi ba. A cikin kwanakin nan ne mata da yara suka fara fitowa daga daji, yunwa ta fi ƙarfin tsoronsu. Mahdi bai taɓa ganin yara haka ba: ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ƙafafu kamar sillen kara, ko kuka ba sa iya yi. Akwai sojojin da suka ce a kore su, 'yan leƙen asiri ne. Akwai kuma waɗanda idonsu ya faɗa kan 'yan matan. Saje Maliki ya tsaya a ƙofar wata makaranta inda aka tara matan da yaran, da bindigarsa a hannu, ya ce duk wanda zai shiga sai ya bi ta kansa. Mahdi ya ajiye akwatinsa ya tsaya kusa da shi, Zailani da Suhaibu suka zo suka tsaya su ma. Hafsan da ke jagorantarsu, wani matashin laftanan, ya goyi bayansu.

Wata tsohuwa a cikin matan ta ga Mahdi yana ɓare rogo, ta riƙe masa hannu tana girgiza kai. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa. Ta ja shi bakin rafi ta nuna masa yadda ake jiƙa shi ya kwana biyu, a matse, a soya. Daga nan sojoji ke tonowa, mata na sarrafawa, a raba. Da wannan suka rayu har aka buɗe hanya. Ba duk yaran suka kai ba.

A bakin wannan rafin ne aka harbi Zailani. Da hantsi ne, sun je ɗibar ruwa, yana gaba kamar kullum yana ba da labari. Harbi ɗaya aka yi daga ƙetare, ya same shi a ciki. Mahdi ya yar da garwa ya saɓe shi ya yi ta gudu da shi har ramuka. Ba likita, sai wani mai ɗaure rauni da ba abin da ya rage a jakarsa. Zailani ya yi ta magana, yana cewa ƙishirwa yake ji, yana tsokanar Mahdi wai ashe doguwar ƙafa na da rana. Da azahar ta gabato muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce a gaya wa Inna ta yafe masa, ya san bai kyauta ba. Mahdi ya riƙa karanta masa kalmar shahada yana bi har ya daina. Ba likkafani, a bargonsa suka naɗe shi. Wani Batibi Kirista ne ya taya Mahdi haƙa, ya kuma tsaya gefe ya cire hularsa har aka gama salla.

Daga nan yaƙin ya zama tafiya da binne mutane. Saje Maliki ya taka nakiya a wata hanyar daji. Suhaibu ya tafi a wajen ƙetare wani kogi, lokacin da aka buɗe wa kwalekwalensu wuta ya kife; ya riga ya kai gaci, ya koma ruwa don ya jawo wani da bai iya iyo ba, harsashi ya same shi. Mahdi da wani mutumin Zango mai suna Kalilu ne suka tsamo shi suka binne a kan tudu. Aka ba Mahdi igiya biyu, ya zama kofur. Saura 'yan makonni a gama, ɓarɓashin igwa ya shige masa ƙugu. A gadon asibiti ya ji ana ta guɗa a waje, wai yaƙi ya ƙare. Ya yi wata da watanni ana jinyarsa a Kaduna, daga baya aka sallame shi, da ɗingishin da har yau bai rabu da shi ba.

Da bazara ya sauka a Babban Mutum, ya ƙarasa gida a ƙafa. Bai fara shiga gidansu ba. Ya wuce kai tsaye gidan Inna Rahama, ya tarar da ita tana sussukar gero a tsakar gida. Ta ɗago ta gan shi, ta leƙa bayansa, ta sake dubansa. Ta jingine taɓaryar a hankali ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta ce ya sha tukuna. Da ya sha, ta ce ya faɗa mata duka, kada ya rage komai. Ya faɗa mata, tun daga garwar ruwa har bargon. Ta tambaye shi ko an fuskantar da shi gabas, ya ce da hannunsa ya kwantar da shi. Ya nemi gafararta, ya ce ya tafi don ya tsare shi, bai iya ba.

Ta ce, "Kai ka ba shi ruwa, kai ka rufe shi. Da ba ka je ba wa zai yi? Na yafe masa. Tashi ka je uwarka ta gan ka."

Tun daga wannan damina, Mahdi ba ya taɓa gonarsa sai ya gama da ta Inna Rahama, haka har ta koma ga Allah.

Da aka gama girbi, ya gaya wa mahaifinsa cewa akwai sauran gidaje. Wasu sun sami sanarwa daga hukuma, wasu jita-jita kawai suka ji, wasu ko wannan babu. Ya ɗauki sanda da goran ruwa ya kama hanya. Duk ranin nan a tafe ya yi shi, daga Baure zuwa Zango, daga Sandamu zuwa Mai'aduwa, yana ɗingisawa, yana tambayar gidan da ke bayan marina da gidan mai kuka biyu. In ya isa gari, wurin mai gari ko liman yake fara zuwa, su raka shi. Ba ya faɗa a tsaye, ba ya faɗa a ƙofar gida, kuma ba ya kewaye-kewaye har zuciyar mutum ta gaji da jira. In ya faɗa sai ya zauna, ya amsa duk abin da aka tambaye shi.

Ba ko'ina aka karɓe shi da daɗi ba. A wani gari 'yan'uwan mamacin suka ce ƙarya yake yi, wani abu yake nema, suka rako shi har bayan gari da baƙaƙen maganganu. A cikin birnin Daura, wani malami mai almajirai manya ya saurare shi har ƙarshe bai motsa ba, ya yi masa godiya, ya ci gaba da ba da karatu. Sai da Mahdi ya kai ƙofa ya ji muryar malamin ta karye a tsakiyar aya. Akwai kuma gidan wani da Mahdi ya san abin da ya aikata a can, abin da har yau bai gaya wa kowa ba. Ya daɗe a bakin garin yana shawarar ko ya wuce. Daga baya ya shiga, ya gaya wa uwar ranar da ɗanta ya rasu da inda aka sa shi. Da ta tambaya ko ɗan nata mutumin kirki ne a can, ya ce mata ta yawaita yi masa addu'a, duk wanda ya je wurin nan yana bukatarta. Bai taɓa ƙara wa mamaci jarumtar da ba tasa ba, bai kuma tona asirin kowa ba.

Gidan Suhaibu ne na ƙarshe, don shi ya fi nisa. Mahaifinsa Malam Sabiru ya ƙi yarda ƙememe. Ya ce wani ɗan tireda ya rantse masa ya ga Suhaibu a Fatakwal da ransa, har sun gaisa. Ba mugun mutum ba ne, abin ne ya fi ƙarfinsa. Amma matar Suhaibu, Haulatu, tana gidan iyayenta shekara da shekaru, da 'yarta Madina da ba ta taɓa ganin ubanta ba, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Kawunta ya roƙi Mahdi ya je gaban alƙali ya ba da shaida. Alƙali ya saurare shi, ya ce bai ga alamar ƙarya a tare da shi ba, amma shari'a na son mutum biyu.

Mahdi ya juya ya koma Zango, ya nemo Kalilu, wanda ya dawo da ƙafa ɗaya yana saƙar tabarma a ƙofar gida. Ya ari jaki ya ɗora shi, shi yana ja a ƙasa. Kalilu ya yi ta mita a hanya, wai gurgu na jan gurgu, duk garin da suka ratsa sai an fito kallo. Suka isa, suka ba da shaida baki ɗaya. Malam Sabiru ya rufe fuska da hannun riga ya daɗe, sa'an nan ya ce su biyo shi gida su sake ba shi labarin kogin tun daga farko.

Haulatu, da aka kirawo gidan surukin nata, na bayan zana tana ji. Ta aiko kawunta da tambaya ɗaya: ko ya san mace aka haifa? Mahdi ya ce a'a, labari bai kai musu ba. Amma yana lissafin watanni, kuma da watan ya kama, ya samo alewa a wurin wani direba ya bi ramuka yana raba wa mutane, yana cewa yau ko gobe ya zama uba. Aka ji kukanta daga bayan zanar. Washegari ta shiga takaba.

Mahdi ya koma gona. Shekarun da suka biyo baya na fari ne, aka sha wuya, dabbobi suka ƙare. Bai yi aure ba. Yana ganin ba wadda za ta so mai ɗingishi, wanda in aka yi tsawa sai ya tsinci kansa kwance a ƙasa. Wata ranar kasuwar Mai'aduwa ya kai ragonsa na ƙarshe, sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Kawun Haulatu ne. Bayan sun gaisa, dattijon ya yi ta kame-kame, can ya ce Haulatu ce ta ce in ya gamu da shi ya tambaye shi ko yana da iyali. Manema sun zo ta ƙi. Ta ce mutumin da zai ja jaki daga Zango saboda matar da bai taɓa gani ba, ta san abin da za ta tarar a gidansa. Mahdi ya tsaya yana shafa bayan rago. Malam Sabiru da kansa ya tsaya a kan maganar har aka ɗaura musu aure, kuma Madina a gidan Mahdi ta girma, shi ya aurar da ita.

Sun haifi 'ya'ya, sun ga jikoki. Sunan Kofur ya bi shi har ya danne na yanka. In samari suka zauna kusa da shi suna son ya faɗi mutum nawa ya harbe, sai ya ce shi akwati ya ɗauka, ya juya zancen zuwa farashin riɗi. Amma in ka tambaye shi Saje Maliki, ko laftanan ɗin nan, ko mutanen da suka riƙe mararraba da rogo a cikinsu, zai ba ka labari har rana ta faɗi. Yakan ce bai taɓa zama da mutane irinsu ba, kuma ba ya fatan jikokinsa su ga abin da ya haɗa su.

Sannu a hankali ya zama in ɗan garin ya rasu a nesa, a Legas ko Agadas ko a hanyar Kano, Kofur ake fara gaya wa, shi zai je gidan. Ko da waya ta zo ta shiga hannun kowa, masu hankali shi suke fara kira.

A daminar bara, yana dab da shekara tamanin, aka bugo wa liman cewa Nazifi ɗan Malam Dabo, soja ne a Borno, an yi musu kwanton ɓauna ya rasu. Liman ya aiko wa Kofur. Haulatu ta ce masa, "Malam, ƙafar nan fa tun jiya take hana ka sakat. Ka bar liman ya je." Ya ce zai je a hankali. Ta san halinsa, ta ɗauko masa sanda da hula.

Kafin ya kai, ya jiyo koke-koke. Ashe wani abokin yaron ya sa hotonsa a waya, ƙanwarsa ta gani ta kurma ihu a tsakar gida, uwar ta faɗi. Kofur ya tsaya a bakin hanya yana jin haushin ƙafarsa. Ya ƙarasa dai. Ya sami Malam Dabo a zaure, mutane sun cika suna ta ba shi haƙuri, shi kuwa ya ƙura wa bango ido. Kofur ya zauna kusa da shi, ya yi masa gaisuwa. Aka yi azahar, aka yi la'asar, mutane suka ragu. Sai Malam Dabo ya juyo, murya ƙasa ƙasa.

"Baba Kofur, kai ka gani da idonka. In harsashi ya sami mutum, yana shan wuya?"

Kofur ya ce, "Wani yana sha, wani ko sani ba ya yi. Ban san na Nazifi ba, ba zan ce maka na sani ba. Amma ba shi kaɗai ba ne a wurin. Akwai wanda ya riƙe shi, akwai wanda ya ɗauko shi. Mu nemi wannan mutumin, ka ji daga bakinsa."

Malam Dabo ya gyaɗa kai, sai a lokacin hawaye suka zubo masa.

Sai da aka yi kusan wata ana bin lambar waya daga wannan zuwa wancan kafin a sami yaron da ke mota ɗaya da Nazifi a ranar, wani ɗan Kafancan. Da ya sami hutu ya zo har Unguwar Gawo. A gidan Kofur ya sauka, Haulatu ta dama masa fura, Kofur ya zaunar da shi ya gaya masa yadda zai yi: ya zauna tukuna, ya sha ruwan da aka ba shi, ya faɗi abin da ya gani kawai, in an tambaye shi abin da bai sani ba ya ce bai sani ba. Sa'an nan ya ɗauki sandarsa, suka nufi gidan Malam Dabo, saurayin yana rage sauri don tsohon ya cim masa.